Filastar gwiwa: Abin da take iya yi da abin da ya fi ƙarfinta

A wannan makon za mu duba wata tambaya da ta yawaita a kantunan magani a nan Gombe, wato batun filastar nan mai launi-launi da ake liƙawa a gwiwa.

Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai samari 'yan ƙwallo, waɗanda ke ganinta a jikin 'yan wasan Turai a talabijin, suna so su liƙa kafin su shiga fili don kada su ji rauni. Akwai kuma 'ya'yan da ke nemar wa iyayensu sauƙi, musamman iyaye mata da ciwon gwiwa ya hana su tsuguno, hawa bene ko zaman tahiya. Kowa tambayarsa ɗaya: shin tana aiki?

Amsar ita ce tana aiki, amma aikinta yana da iyaka. Takan rage ciwo na ɗan lokaci ga wasu mutane, kuma wannan sauƙin yana da amfani idan aka yi amfani da shi wajen motsa ƙafa da ƙarfafa cinya. Ba ta ɗinke jijiyar da ta tsinke, ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye, ba ta kuma gaya wa mutum abin da ke damun gwiwarsa.

Yadda gwiwa take

A gwiwa ne ƙashin cinya da ƙashin ƙauri suke haɗuwa, ƙoƙon gwiwa kuma yana gaba, yana zamewa sama da ƙasa a cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya. Bakin ƙasusuwan na lulluɓe da guringuntsi mai santsi, sannan akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke zama kamar matashi a tsakani. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure gaɓar: biyu a gefe da gefe, biyu kuma a can ciki sun gitta juna. Abin da ke tuƙa wannan duka shi ne tsokar cinya. Idan ta yi rauni, ƙoƙon gwiwa ya kan kauce daga hanyarsa, nauyin jiki kuma ya sauka kai tsaye a kan gaɓar.

Filasta kuwa a kan fata take. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana iyakarta, domin jijiyoyin ciki da ke tsinkewa a filin ƙwallo suna can tsakiyar gaɓa, inda filasta ba ta kaiwa.

Iri uku da ake rikitawa

Na farko shi ne bandejin naɗi mai talewa, wanda kusan kowane gida ya sani. Aikinsa matse wuri don rage kumburi a kwanakin farko bayan targaɗe.

Na biyu ita ce filasta mai tauri wadda ba ta talewa. Wata ƙwararriyar gashin ƙashi 'yar Ostareliya, Jenny McConnell, ta wallafa a 1986 hanyar amfani da ita wajen jan ƙoƙon gwiwa zuwa ɓangaren ciki, ga masu ciwon gaban gwiwa. Gamonta yana da ƙarfi, don haka sai an fara shimfiɗa wata filasta mai laushi a ƙarƙashi don kare fata. Wannan aikin ƙwararru ne.

Na uku ita ce mai talewa, mai launin shuɗi, baƙi ko ruwan hoda, wadda aka fi sani da sunan Kinesio. Wani mai gyaran gaɓoɓi ɗan Japan, Kenzo Kase, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970. Da auduga ake yin ta, faɗinta yawanci santimita 5, kuma ta tsawo kawai take talewa. Duniya ta san ta ne a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Masu kallon ƙwallo kuma ba za su manta ranar da Mario Balotelli ya tuɓe riga ba bayan ya ci Jamus ƙwallo ta biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Turai na 2012, aka ga shuɗiyar filasta a bayansa. Launin ba ya ƙara mata komai. Babu magani a jikinta, auduga ce da gamo.

Abin da bincike ya nuna

Ciwon da ya fi addabar iyayenmu shi ne zaizayewar gaɓa, wanda muke haɗawa da sauran ciwukan gaɓoɓi mu kira su sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne.

A 2003 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani gwaji da masana a Jami'ar Melbon ta Ostareliya suka yi a kan mutum 87 masu wannan ciwo. An raba su gida uku, kowane gida mutum 29. Gida na farko an liƙa musu filasta mai tauri bisa ƙa'ida, na biyu an manna musu filasta mai laushi kawai ba tare da jan komai ba, na uku ba a liƙa musu komai ba. Bayan mako uku, mutum 21 a gida na farko suka ce ciwon ya ragu, 14 a gida na biyu, 3 a gida na uku.

A lura da abu biyu a nan. Liƙawa bisa ƙa'ida ta fi ba da sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma kusan rabin waɗanda aka manna wa filasta haka kawai su ma sun ji sauƙi. Ke nan wani kaso na amfanin yana zuwa ne daga taɓa fata da kuma natsuwar da mutum ke samu idan ya ji an tallafi gwiwarsa.

Ita kuwa mai talewa, a 2014 wasu masana a Birazil sun tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 495 masu ciwuka daban-daban na tsoka da gaɓoɓi. Sun gano cewa ba ta fi filastar da aka manna haka kawai ba, inda ta fi ma bambancin ɗan kaɗan ne. Duk da haka, a 2019 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da mai zaizayewar gwiwa zai iya gwadawa, amma a sahu na biyu. A sahun farko ta sa motsa jiki, rage ƙiba, riƙe sanda, takalmin gwiwa na asibiti, da maganin ciwo na shafawa.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, abin da ya fi tayar mini da hankali game da ciwon gwiwa shi ne abin da ake haɗiya saboda shi. Uwa za ta shekara tana aiken yaro kyamis a haɗo mata "haɗi" a ƙulla a leda. Idan aka kwance, sai a tarar da diklofenak da ibufurofen da firoksikam a ƙulli ɗaya, wani lokaci har da deksametason ko firednisolon. Ukun farko dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa: gyambon ciki da zubar jini a ciki, hawan jini, da lalacewar ƙoda, musamman ga tsofaffi, masu ciwon suga, da wanda ke wuni cikin zafi bai sha ruwa sosai ba. Deksametason kuma idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, yana tayar da suga, yana rage ƙarfin ƙashi, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai da kulawar likita.

Saboda haka duk abin da zai rage wa mutum ciwo ba tare da ya bi ta cikinsa da ƙodarsa ba, ina maraba da shi, ko da sauƙin kaɗan ne. A nan filasta take da gurbi. Idan aka haɗa ta da diklofenak na shafawa a ranakun da ba a liƙa ba, da farasitamol bisa ƙa'ida, mutane da dama za su rage dogaro da ƙulli. Ƙa'idar farasitamol ga babba mai lafiyar hanta ita ce kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe.

Lokacin da asibiti za a nufa

Kafin a liƙa komai, sai an san abin da ake liƙa wa. A garzaya asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Bayan faɗuwa ko haɗarin babur mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya kasa lanƙwasa gwiwar kamar yadda ake yi a zaman kujera. Wannan yana buƙatar hoton ƙashi. Haka ma duk wanda ya kai shekara 55 ya bugu a gwiwa.

2. An ji ƙara a cikin gwiwa lokacin juyi ko dira, sannan ta kumbura cikin 'yan sa'o'i. Sau da yawa alamar tsinkewar jijiyar ciki ce.

3. Gwiwa tana sarƙewa ta ƙi miƙewa, ko tana sulluɓewa mutum ya ji kamar zai faɗi.

4. Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi. Ƙwayoyin cuta na iya shiga gaɓa su cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan. A ƙara sa ido idan yaro ne ko mai sikila.

5. Sha-raɓa ta kumbura a ƙafa ɗaya tana ciwo, musamman bayan haihuwa, tiyata ko doguwar tafiya a zaune. Yana iya zama gudan jini a jijiya, kuma murza wurin haɗari ne.

6. Yaro yana ɗingishi yana kukan gwiwa alhali bai faɗi ba. Wani lokaci matsalar a ƙugu take. Haka nan kumburin da ya ƙi sacewa tare da ciwon da ke tashin yaro cikin dare.

A nan cikin gari muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha, inda za a ga likita, a ɗauki hoto, a kuma tura mutum wajen masu gashin ƙashi. Idan abin ya kai ga babban aiki, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na san da yawa daga cikinmu wajen maɗori muke fara zuwa. Roƙona shi ne a fara da hoto, kuma ko wane ne ya ɗaure ƙafa, idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canja launi ko suka mutu, a kwance nan take a tafi asibiti. Ɗauri mai tsanani ya jawo wa mutane da dama rasa ƙafa.

Waɗanda bai kamata su liƙa ba

Kada a liƙa a kan rauni, gyambo, ƙuraje ko ƙurajen zafi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ya guje ta, domin fata za ta iya saɓulewa bai ji ba. Haka tsofaffin da fatarsu ta yi laushi ƙwarai, da wanda ya daɗe yana shan deksametason, da wanda filastar asibiti ta taɓa yi wa ƙaiƙayi ko borin jini. 'Yan uwana mata masu shafa man bilicin, ku ma kuna cikin wannan sahu. Da yawa daga cikin mayukan nan suna sirantar da fata, kuma wajen cire filasta fatar na iya biyo ta.

Yadda ake liƙa mai talewa

Abin da ya fi shi ne karon farko mai gashin ƙashi ya liƙa, ɗa ko 'ya suna kallo, domin yadda ake liƙa wa mai ciwon gaban gwiwa daban yake da na mai ciwon gefe. Ga hanya mafi sauƙi ta tallafar ƙoƙon gwiwa, ga wanda likita ya riga ya duba:

1. A yanki ɗan guntu a manna a hannu ya kwana. Idan babu ƙaiƙayi ko ja, a ci gaba.

2. A wanke gwiwa da sabulu a bar ta ta bushe sarai. Ban da basilin, man zafi ko maganin shafawa, domin gamo ba ya kama fata mai maiƙo, man zafi kuma a ƙarƙashin filasta yana iya ƙona fata. Idan akwai gashi da yawa a rage shi da almakashi.

3. A zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe.

4. A yanki guda biyu, kowanne tsawonsa daga ƙasan ƙoƙon gwiwa zuwa kamar faɗin tafin hannu a samansa. A zagaye kusurwoyin da almakashi don kada tufafi su ɓamɓare su.

5. A manna bakin na farko a kan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ba tare da ja ba. Sai a ja shi kaɗan, ƙasa da rabin iyakar talewarsa, a bi gefen ƙoƙon ta ciki zuwa cinya. Ƙarshensa ma a kwantar da shi ba ja. A yi wa na biyu haka ta gefen waje. Ƙoƙon zai kasance a tsakiya, a buɗe.

6. A murza da tafin hannu don gamon ya kama, a kuma jira kamar rabin awa kafin a fita tafiya ko wasa.

Kada a zagaye ƙafa gaba ɗaya da ita, kada kuma a liƙa a bayan gwiwa inda fata ke naɗewa. Masu yin ta sun ce takan kai kwana 3 zuwa 5, amma a zafin Maris da Afrilu na Gombe gumi yakan ɗaga ta tun kafin nan. Idan gefe ya ɗaga a yanke shi. Idan an yi wanka a dangwala tawul a kai, kada a goge. Da an ji ƙaiƙayi, zafi ko ƙarin ciwo, a cire. Wajen cirewa a shafa man gyaɗa ko man zaitun a jira ya jiƙa, a danne fata da yatsa, a bi kwanciyar gashi a hankali. A bar fata ta huta kwana ɗaya kafin a sake. Idan an yi mako biyu zuwa uku ba a ga bambanci ba, a daina kashe kuɗi.

Masu tambaya game da alwala, wankin ƙafa iyakarsa idon sawu, don haka filastar gwiwa ba ta shiga hurumin. Hukuncin wankan tsarki kuwa, da rangwamen yin salla a zaune ga wanda sujada ta gagara, a tuntuɓi malamai.

Ga samarinmu 'yan ƙwallo

Ƙannena, ko a filin wasa na Pantami kuke buga wasa ko a filin makarantar unguwa a Bolari ko Jekadafari, ku sani bincike bai tabbatar da cewa filasta tana hana jijiyar gwiwa tsinkewa ba. Haɗarinta ma shi ne ta rufe muku ciwo ku koma fili da raunin da bai warke ba, ƙaramin abu ya zama babba.

Abin da aka tabbatar yana rage rauni kyauta ne. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, wanda ya ƙunshi gudu, ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa a ƙafa ɗaya, da koyon dira da juyi ba tare da gwiwa ta faɗa ciki ba. An gwada shi a nan Najeriya. A wani bincike da aka buga a 2014 a kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, 'yan wasa 416 masu shekara 14 zuwa 19, ƙungiyoyin da suka bi tsarin sun samu raguwar rauni da kashi 41 cikin 100, raunin ƙafa kuma da kashi 48. Ana samun bidiyonsa a intanet. Masu horar da yara a unguwanni, wannan aikinku ne, aƙalla sau biyu a mako.

Idan an ji rauni, a fita daga fili. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafa a kan matashi, a naɗa bandeji daga ƙasa zuwa sama yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a kwance shi lokacin barci. Ban da ruwan zafi, man zafi da murza a kwana biyun farko.

Ga iyayenmu

Ranar da filasta ta ba da sauƙi, ranar aiki ce. Ga motsi uku da ba sa buƙatar ko sisi. Na farko, Mama ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta danna bayan gwiwa ƙasa har cinya ta yi tauri, ta ƙirga biyar ta saki, sau 10. Na biyu, ta kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ta ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi ɗaya, ta sauke a hankali, sau 10. Na uku, ta tashi daga kujera ta koma a hankali, sau 10, da farko tana dafawa, daga baya ba dafawa. A yi kullum, a ƙara da tafiya a ƙasa mai laushi da sassafe ko bayan la'asar. Ɗan ciwo lokacin motsi ba laifi ba ne, muddin ya lafa kafin washegari. Sai an yi makonni kafin a ga amfanin, don haka ana buƙatar haƙuri.

Rage ƙiba ma babban magani ne. Wani bincike a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kimanin kilo 4 a kowane taku. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da ke ciwo.

Sauran aikin na 'ya'ya ne. A sama wa Mama kujera mai tsayi don wanki da girki a madadin 'yar tsuguno. Idan masai na tsuguno ne, a sa mata kujerar bayan gida ko a kafa ƙarfen dafawa a bango. Sannan a tattaro duk magungunan da take sha, har da na leda da na gargajiya, a kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna mai rajista ya duba. Idan ta daɗe tana shan maganin ciwo, a nemi a auna mata jini a kuma gwada ƙodarta. Wannan gwajin ya fi nadin filasta goma muhimmanci.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi bayani a kan allurar da ake yi a cikin gwiwa, wa ta dace da shi, da kuma dalilin da ya sa ba a yin ta a kyamis. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita.